Lissafin Taurarin Damina a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Duk wanda ya bar birnin Katsina ya nufi kudu, ya ratsa Kurfi ya sauka Dutsin-Ma, sa'an nan ya ƙara gaba kaɗan har ya tsaya a bakin madatsar ruwan Zobe, to, ya keta ƙasar da rayuwar mutanenta kaf ta rataya a kan watanni huɗu na damina, domin gero da dawa da wake da gyaɗa da audugar da ake ci ake sayarwa a sauran watanni takwas, duk a cikin waɗannan huɗun ake neman su, in an samu an gode Allah, in kuwa an rasa sai haƙuri da cin rani. Mutanen da halinsu ke nan ba su da tambayar da ta fi musu nauyi irin su san yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai zauna, yaushe kuma zai ɗauke. Saboda haka tun kafin a san takardar gwamnati ko akwatin rediyo a ƙasar nan, akwai waɗanda aikinsu ne su ɗaga kai su dubi sama, su ba jama'a amsa gwargwadon abin da Allah ya sanar da su.

Matakin farko na wannan ilmi a bakin dattawan gona yake, kuma duk yaron da ya tashi a Birci ko Karofi ko Makera ya ji shi tun yana bin mahaifinsa da ƙoƙon iri. Akwai tarin taurarin nan ƙanana da Hausawa ke kira Kaza da 'ya'yanta, Larabawa kuma su ce Surayya. Idan bazara ta yi nisa, zafi ya kai intaha, sai a riƙa ganinta bayan magariba tana gangarawa yamma dare bayan dare har ta shige cikin hasken rana, ta yi kwana arba'in ko kusa da haka ba a ganinta, sa'an nan ta ɓullo daga gabas gab da asuba. Tsakanin ɓuyanta da ɓullowarta manomi ya san ba lokacin tafiya mai nisa ba ne: a gama sassabe, a ƙone, a kai taki, a gyara ƙotar sungumi. Ga kuma shaidun ƙasa masu ƙarfafa na sama, shamuwa ta dawo ta kama sheƙa a itatuwan gari, gawo ya fara zubar da ganye alhali sauran itatuwa tofo suke yi, iskar da ta yi ta busowa da ƙura daga arewa maso gabas tun hunturu ta juya ta koma fitowa daga kudu maso yamma da danshi a jikinta, ko da yake hadarin kansa, kowa ya sani, daga gabas yake haɗowa da guguwa a gabansa. In ruwan farko ya sauka da dare, da sassafe za ka ga magidanci ya nufi gona da 'yar fartanya, ya sari ƙasa ya tura hannu. Idan laima ta kai kamu guda, ya aika gida a fito da iri, idan kuwa yatsu uku kaɗai suka jiƙa, sai ya karkaɗe hannu ya ce wannan na kwantar da ƙura ne, mai gaggawa ya shuka ya sake. Wasu ma ba su jira, binne suke yi a busasshiyar ƙasa su bar wa Allah sauran.

Malamai ne suka zo da mataki na biyu, watau hisabi. A wurinsu hanyar da rana da wata suke bi a sararin samaniya an kasa ta masauki 28, su ne manazilu, kowane masauki da tauraron da aka san shi da shi, kowane tauraro kuma yana riƙe da kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, wanda idan ka tara duka sai ka sami kwana 365, shekarar rana ke nan cif. Aka raba su bakwai-bakwai ga fasulla huɗu, bazara da damina da kaka da ɗari, kuma na damina, waɗanda su ne talaka ya fi damuwa da su, su ne Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da Harsan. Ɗarfa da Jabha su ne tsakiyar marka, lokacin da katanga ke faɗuwa, rana ta kwana biyu ba ta leƙo ba. Fa'idar wannan lissafi a fili take ga wanda ya lura cewa watannin Musulunci, da yake da wata ake ƙirga su, shekararsu kwana 354 ce, tana ja da baya wajen kwana 11 kowace shekara, shi ya sa azumi yakan faɗo yau a ɗari, bayan wasu shekaru a marka. Watan da ke yawo haka ya isa a tsai da ibada da shi, amma ba a ɗaura masa shuka. Don haka malaman hisabi suka riƙe, tare da watannin Hijira, wasu watannin da suke kira na ajami, Yunayar da Fabrayar har zuwa Dujambar, waɗanda asalinsu tsohon lissafin Rumawa ne da ya zo mana ta hannun malaman Magrib, kuma har yau yana bayan kalandar gwamnati da kwana 13.

Ba abin mamaki ba ne wannan fanni ya yi saiwa a ƙasar Katsina, domin birnin da ya gina hasumiyar Gobarau, ya sauki Shehu Magili a ƙarshen ƙarni na 15, ya ga zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani a ƙarni na 17, ba zai rasa masu neman sanin lokutan salla da alƙibla da tsayuwar wata ba, waɗannan kuwa duk ƙofofi ne na ilmin falaki. Littafin Muƙni'i na malamin nan na Sus a ƙasar Maroko, Muhammadu ɗan Sa'idu, yana cikin waɗanda ɗalibai suka riƙa karanta wannan lissafi a cikinsu a duk faɗin ƙasashen Sudan. Wanda sunansa ya fi nisa a cikin Katsinawa kuwa shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya tafi hajji wajen 1730, ya zauna a Alƙahira yana karantarwa yana talifi a kan hisabi da aufaƙi da taurari, har ajali ya riske shi a can a 1741, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar, wanda ya sa tarjamarsa a cikin littafinsa. Adalci shi ne a faɗa cewa ayyukan Kashinawi gauraye suke, wani sashe lissafi ne tsantsa wanda masana na zamani suke jinjina masa, musamman ƙa'idojinsa na cika gidajen hatimi da lambobi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, wani sashe kuma na ɗalasimai ne da sirrin haruffa, wanda tun a wancan zamani akwai malaman da suke ɗari-ɗari da shi.

A nan ne malamanmu suka ja wata iyaka wadda, a ganina, ita ce mafi daraja a cikin duk abin da suka bar mana a wannan babi. Sun karanta a Muwaɗɗa ta Imamu Malik labarin ruwan da aka yi da dare a Hudaibiyya, da gargaɗin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da safe ga mai jingina saukar ruwa ga tauraro. Sun kuma karanta a Suratu Yunus cewa an sanya wa wata manazilu domin mutane su san ƙidayar shekaru da lissafi. Da suka haɗa nassoshin biyu sai suka fitar da hukunci, cewa tauraro alama ce ta lokaci, ba shi da tasiri ko na ƙwayar zarra: wanda ya ce an yi mana ruwa a cikin Ɗarfa bai yi laifi ba, wanda ya ce Ɗarfa ce ta ba mu ruwa ya taɓa imaninsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi talifi na musamman yana jan kunnen jama'a daga masu duba da taurari, amma ba a ji shi ko wani daga malaman jihadi ya hana lissafin lokaci ba. Da wannan iyaka aka raba malamin hisabi da boka, aka kuma buɗe wa Musulmi ƙofar nazarin al'adar da Ubangiji yake gudanar da halittarsa a kanta ba tare da ya yi da'awar sanin gaibu ba.

Yadda ilmin yake isa ga talaka kuwa ba wuya. Galibi takarda guda ce, an tsaga ta gida-gida da tawada baƙa da ja, sunayen taurari a jere da ranakun shigarsu, tana ninke a cikin gafaka tsakanin Risala da Ishiriniya, gefenta ya yi baƙi don yawan taɓawa. Bayan an sauko daga Juma'a, ko da la'asar sakaliya a zaure, sai wani dattijo ya gyara zama ya ce, Allah gafarta malam, yau wane tauraro muke ciki? Malam ya jawo takarda, ya ƙirga da yatsu, ya ce yau Zira'a tana da kwana tara, saura huɗu Nasara ta shiga, wanda bai gama firi ba ya yi himma, wallahu a'alamu. Kafin magariba maganar ta kai bakin kasuwa da bakin rijiya, Sarkin Noma ya ji, masu gayya sun ji, matan da ke kai abinci gona sun ji, ba a kashe ko anini ba, kuma da harshen da kowa ya sha a nono. Sai dai wannan lissafi yana da gejin da ba ya wucewa, kuma malaman kirki ba su ɓoye shi ba: Jabhar shekarar ƙoshi da Jabhar shekarar yunwa rana ɗaya suke shiga. A 1913 taurari sun zo kan ƙa'idarsu ɗaya bayan ɗaya, ruwa bai zo ba, aka wayi gari a 1914 cikin yunwar da tsofaffi suka riƙa kira Ƙaƙalaba, ga kuma harajin Nasara da ake nema da tsabar kuɗi. A irin wannan hali abin da ya rage wa jama'a shi ne su fita bayan gari roƙon ruwa.

Turawa sun zo da nasu kayan, ma'aunin ruwa a harabar ofis da littafin da akawu ke cikawa, amma abin da aka rubuta a ciki Kaduna da Ikko yake tafiya, ba ya komowa gona. Waɗanda suka fara ƙoƙarin mai da ilmin zamani abin hira a zaure su ne ɗaliban Kwalejin Katsina, musamman Malam Abubakar Imam, wanda ya koyar a Midil ta Katsina kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, ya kuma haɗa hannu da Baturen nan Dokta East suka rubuta littattafan Ikon Allah, inda aka bayyana halittu da yadda duniya take gudana da Hausar da mai yaƙi da jahilci zai iya bi. Sa'an nan rediyo ya shigo. A watan Maris na 1957 BBC ta buɗe sashen Hausa, a ranar 4 ga Oktoba na wannan shekara kuma Rasha ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, ta bi shi da aika Yuri Gagarin sararin samaniya a ranar 12 ga Afrilu 1961, sai labarin kumbo ya zama abin da ake tattaunawa a gindin akwatin rediyon En'e.

Abin da yawancin yaranmu ba su sani ba shi ne ƙasar Hausa ba 'yar kallo kaɗai ba ce a wannan tsere. Da Amurkawa suka tashi aika mutum ya kewaya duniya, sai suka bukaci jerin tashoshi a sassan duniya masu bin sawun kumbo suna magana da matuƙinsa, ɗaya daga cikinsu kuwa a Kano aka kafa ta. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, John Glenn, a cikin kewaye uku da ya yi wa duniya cikin ƙasa da awa biyar, ya bi ta samanmu, ya shaida wa ma'aikatan Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, su kuma suka amsa masa cewa ai mako guda ke nan iska tana kaɗawa da ƙarfi. Watau abin da Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya ya gani a kanmu shi ne hazon hunturu, wanda tsohuwa a Kurfi take shafa man kaɗe saboda shi. Shekara guda da rabi bayan haka, ranar 23 ga Agusta 1963, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana ta waya da Shugaba Kennedy ta tauraron Syncom 2, da taimakon wani jirgin ruwan Amurka da ke tsaye a tashar Ikko, har suka taɓo zancen ɗan damben nan Dick Tiger. Ba a taɓa haɗa shugabannin ƙasashe biyu ta irin wannan hanya ba kafin ranar.

Da aka sauka a kan wata a watan Yuli na 1969, musu ya tashi a zauruka, wasu dattawa suka ce ƙaryar Nasara ce, wasu malamai suka ce babu nassin da ya hana. Ban ga laifin masu shakka ba sosai, domin ba wanda ya zauna da su ya nuna musu cewa watan da aka taka shi ne dai mai manazilu 28 da ke cikin gafakarsu. Wanda ya kai labarin lungu da saƙo ba jami'in gwamnati ba ne, Alhaji Mamman Shata ne, mutumin Musawa, da ya yi wa kumbo Apollo 11 waƙa da kalangu. A shekarar kuma Umaru Dembo ya fitar da littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka ɗauka aka zaga sararin samaniya da shi, wanda 'yan makaranta da yawa suka fara jin sunayen duniyoyi a cikinsa.

Sai dai ba tafiya wata ce ta haɗa kumbo da tukunyar talaka ba, fari ne ya haɗa su. Daga 1972 zuwa 1974 damina ta gaza daga Senegal har Habasha, shanu suka faɗi, rijiyoyi suka ƙafe, mutanen arewa suka kwararo kudu da 'yan komatsansu. A daidai lokacin kuma, a watan Yuli na 1972, Amurka ta harba tauraron da daga baya aka sa wa suna Landsat, mai ɗaukar hoton ƙasa. A wani hoto na 1973 aka ga wani fili mai kusurwa biyar ya yi duhu da ciyawa a tsakiyar ƙasar da ta ƙone fari fat. Da aka bincika sai aka tarar wurin kiwo ne da aka kewaye da waya a Ekrafane, cikin Jamhuriyar Nijar. Nan da nan masana suka ce ga hujja, makiyayi da manomi su suka cinye ƙasarsu, har wani babban masanin yanayi, Jule Charney, ya kawo bayani a 1975 cewa ƙasar da aka tsiraita tana mai da hasken rana sama, wannan kuwa yana hana hadari haɗuwa. Shekaru aka yi talakan Sahel yana ɗauke da wannan tuhuma, alhali ba a tambaye shi ba. Daga baya, da aka tara awon zafin tekuna, masanan hukumar yanayi ta Ingila suka nuna a 1986, wasu kuma suka ƙarfafa a 2003, cewa babban sababin yana can cikin teku: idan ruwan kudancin Atlantika da na tekun Indiya ya fi na arewacin Atlantika ɗumi, iskar nan mai danshi ba ta samun ƙarfin kutsawa arewa har ta iso mu, kuma hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana cikin abin da ya sanyaya arewacin tekun a waɗancan shekaru. A 1991 kuma masanan NASA suka auna gefen Sahara da hotunan shekara goma, suka ga ya gangaro kudu da kilomita 240 tsakanin 1980 da 1984, sa'an nan ya koma arewa da kilomita 110 a shekara guda da ruwa ya kyautata. Hotunan sama ne dai har wa yau suka tabbatar da aikin 'yan'uwanmu Katsinawan Maraɗi da mutanen Damagaram, waɗanda tun daga shekarun 1980 suka daina tumɓuke tohon itatuwa a gonakinsu, suka riƙa yi musu sassabe suna renonsu, har aka ƙiyasta itace miliyan 200, galibinsu gawo da ire-irensa, a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Na'urar da ta fara ba da shaida a kan talaka ita ce ta dawo ta wanke shi, amma ban ji an zo an gaya masa ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Yadda waɗannan taurari suke ganin ruwa abu ne da malamin zaure zai fahimta a zama ɗaya. Tun 1977 Turawa suka ajiye Meteosat a nisan kilomita 36,000 a saman tekun Gini, yana kewaya duniya sau ɗaya a yini da dare, daidai da juyawarta, saboda haka kullum a wuri ɗaya yake a kanmu, yana aiko da hoto kowane rabin awa a da, yanzu kuwa kowane minti 15 ko ƙasa da haka. Girgijen da ke zubar da ruwa mai yawa dogo ne, kansa yana can sama inda sanyi ya tsananta. Tauraron yana auna sanyin kan girgije da tsawon lokacin da ya yi a kan wuri, daga nan a ƙiyasta ruwan da ya zuba ko da babu ma'auni a ƙauyen, a kuma ga hadari tun yana haɗowa a wajen Borno kafin ya iso Katsina. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 da irin wannan take aiki. Nijeriya ta kafa hukumarta ta sararin samaniya, NASRDA, a 1999, ta harba NigeriaSat-1 daga Rasha a watan Satumba na 2003, ta ƙara biyu a 2011, ɗayansu injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu a Ingila. Hukumar yanayi ta NiMet kuma, wadda aka yi wa doka a 2003, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, da ranar da ake sa ran ruwa zai zauna a kowace ƙaramar hukuma, da ranar ɗaukewarsa, da tsawon rashin ruwan da ake tsoro a tsakiya, har ana fassara shi da Hausa. Wannan shi ne ainihin abin da takardar malam ta kasa bayarwa, watau bambancin bana da bara.

Ita ma madatsar Zobe 'yar wancan fari ce. A 1973 aka kafa hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, a ƙarƙashinta aka tare kogin Karaduwa da bangon ƙasa mai tsayin mita 19 da tsawon mita 2,750, mai iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 170, da niyyar a shayar da birnin Katsina da garuruwan kewaye a kuma yi noman rani a wajen hekta 8,000. An gama ginin a 1983, a zamanin Shugaba Shehu Shagari, shekarar da fari ya sake dawowa. Sa'an nan ruwan ya zauna, masunta suna kamun kifi, masu 'yan injuna suna ja zuwa fadamunsu, rana tana shan rabonta, sai a watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe aikin ruwan sha, shekara 38 bayan kammala bango. Ilmin sama na zamani a ƙasar nan halinsa ɗaya da ruwan Zobe a waɗancan shekaru: an tara shi da kuɗi mai yawa, yana nan maƙil, magudanar da za ta kai shi gona ce ba a haƙa ba.

Amma an taɓa haƙa ta sau ɗaya, aka kuma ga amfaninta. A watan Janairu na 2001 an yi husufin wata, wasu matasa a Maiduguri suka ce zunuban gari ne suka jawo, suka fita ƙone-ƙone, alhali hadisi ingantacce ya riga ya bayyana, tun ranar rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah, cewa rana da wata ba su husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Da masana suka ba da sanarwar cewa ranar Laraba 29 ga Maris 2006, a ƙarshen watan Safar, wata zai rufe rana ɗungum, inuwar kuma za ta bi ta Gusau da Katsina da Maraɗi, sai hukuma ta yi abin da ya kamata: aka yi ta shela a rediyo, aka bi ta hannun sarakuna da limamai, aka faɗi ranar da sa'ar, aka gargaɗi mutane kada su dubi rana da tsirarin ido. Da hantsi haske ya fara yin ja-ja, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, duhu ya rufe na 'yan mintoci har taurari suka fito, aka yi sallar husufi, aka watse lafiya. Mutumin da aka gaya wa abu tun da sauran makonni, da bakin limaminsa, ya kuma ga ya auku a sa'ar da aka faɗa, ba ya bukatar a yi masa dogon wa'azi a kan ingancin hisabi.

Hasashen damina bai kai lissafin husufi tabbas ba, rinjayen zato ne, yakan dace yakan kuskure, kuma wajibi ne mai isar da shi ya faɗi haka ya rufe da wallahu a'alamu yadda malaman da suke yi. Amma iyakar da suka ja tsakanin alama da tasiri ta wadatar a karɓe shi ba tare da ƙaiƙayi a zuciya ba. Yau Dutsin-Ma tana da Jami'ar Tarayya tun 2011, tana da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, manoman yankin kuma, waɗanda rashin tsaro ya riga ya rage musu gonakin da suke iya zuwa, ba su da irin da za su yi asararsa a shuka biyu. Roƙona ga malaman waɗannan makarantu shi ne su nemi iznin hakimai, 'Yandaka a Dutsin-Ma da Maraɗi a Kurfi, su tara limaman Juma'a da sarakunan noma da sauran masu lissafin taurari kowace shekara, a karanta hasashen NiMet tare, a juya ranakunsa zuwa Haƙ'a da Han'a da Zira'a yadda dattijo zai gane, a ɗauki hoton takardun da ke cikin gafaka tun gara ba ta gama da su ba, a kuma kafa ma'aunin ruwa a kowace firamare, yara su riƙa rubutawa, domin in kaka ta yi a zauna a ga inda hasashe ya dace da inda ya kauce. NiMet takan fitar da hasashenta a Janairu ko Fabrairu, ruwan shuka kuwa ba ya zama a ƙasar Zobe sai ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Aƙalla wata uku ne a tsakani, sun isa a kai maganar kowane zaure.